Jirgin Tururi da Hijirar Talakawan Turai zuwa Amurka

A ƙarni na 19 miliyoyin Turawa sun bar garuruwansu sun ƙetare Tekun Atlantika zuwa Amurka da Kanada da Ajantina da Brazil. Akasarinsu talakawa ne: manoman da gona ta yi wa kaɗan, leburori, da masu sana'ar hannu waɗanda injinan masana'antu suka kashe wa kasuwa. Har tsakiyar ƙarnin, jiragen da ke ɗaukar su da ƙarfin iska suke tafiya, kuma daga Liverpool zuwa New York akan yi mako biyar ko shida a kan ruwa. In iska ta juya baya, sai a kai wata biyu. Babu mai iya faɗin ranar isa, don haka babu mai sanin yawan guzurin da zai ishe shi.

Munin wannan tafiya ya fito fili lokacin yunwar Ireland, wadda ta faro a 1845 bayan wata cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin da talakan ƙasar ya dogara da shi. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi hijira. An riƙa cusa su a jiragen da aka ƙera don dakon katako, ga yunwa ga ƙazanta, sai zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya yi ta kashe su tun kafin a ga tudu. A tsibirin Grosse Île kusa da Quebec, inda ake tsare marasa lafiya, an binne mutum fiye da 5,000 a shekarar 1847 kaɗai.

A lokacin nan jirgin tururi ya riga ya fara ƙetare tekun. A watan Afrilun 1838 jirage biyu na Ingila, Sirius da Great Western, suka iso New York kusan a tare, na biyun bayan kwana 15 daga Bristol. A 1840 Samuel Cunard ya fara jigilar wasiƙun gwamnatin Birtaniya da jirginsa Britannia daga Liverpool zuwa Halifax da Boston. Sai dai talaka bai ga amfanin wannan ci gaba da wuri ba. Jiragen farko na katako ne, manyan ƙafafun da ke gefensu ke tura su, kuma suna cin kwal ƙwarai, har kwal ɗin ya cinye wurin da za a sa mutane. Ɗan wurin da ya rage na masu kuɗi ne da jakunkunan wasiƙu.

Abu uku suka sauya lissafin. Aka koma ƙera gangar jirgi da ƙarfe, wanda ya ba da damar yin jirage manya. Aka maye gurbin ƙafafun gefe da farfela a bayan jirgi, tsakiyarsa ta zama fili. Daga baya kuma aka samu injin da ke amfani da tururi ɗaya sau biyu, har sau uku, kafin ya sake shi, abin da ya rage cin kwal sosai. William Inman na Liverpool ne ya fara gane cewa akwai riba a wannan fili da aka samu, ya fara ɗaukar masu hijira a jiragensa na tururi a farkon shekarun 1850. Kamfanonin Jamus biyu, Hamburg-Amerika da aka kafa a 1847 da Norddeutscher Lloyd na Bremen da aka kafa a 1857, suka bi sahu. Cunard ma, da ya daɗe yana ƙyamar wannan ciniki, ya shigo a shekarun 1860. Zuwa farkon shekarun 1870 kusan duk mai hijira zuwa New York a jirgin tururi yake zuwa, kuma tafiyar ta dawo kwana 10 zuwa 14.

Raguwar kwanaki ita ce ta ceci rayuka fiye da kowace doka. Cutar da a da take samun mako shida tana zagaya mutane yanzu ba ta da wannan lokaci, ruwan sha ba ya kai ga ruɓewa, kuma kamfani ne ke dafa abinci maimakon kowa ya yi layin murhu da tukunyarsa. Ga kuma abin da ya fi muhimmanci ga mai neman aiki: jirgi yana da ranar tashi. A da mutum kan yi makonni a bakin tashar ruwa yana jiran jirgi ya cika ko iska ta kyautata, masu masauki da 'yan damfara suna tatse ɗan abin da ya tara.

Duk da haka, wurin da ake sa masu ƙaramin tikiti ba wurin jin daɗi ba ne. A can ƙasan jirgi yake, kusa da injin ko a goshi da bayan jirgi inda girgiza ta fi tsanani. Babban ɗaki ne mai gadaje hawa biyu a jere, na katako da farko, daga baya na ƙarfe. Akan raba shi uku: gwauraye a gefe guda, mata marasa aure a ɗaya gefen, masu iyali a tsakiya. A jirage da yawa fasinja ne ke zuwa da katifarsa ta ciyawa da kwanonsa da cokalinsa, ana sayar da su a bakin tasha, kuma akan jefa katifar a ruwa in an kusa isa. Abincin bai wuce miya da dankali da burodi da kifi ko nama mai gishiri ba, ana rabawa daga manyan bokitai. In teku ta yi fushi sai a rufe ƙofofin sama, ɗaruruwan mutane su kwana su wuni cikin warin amai da hayaƙin fitila. Marubucin Scotland Robert Louis Stevenson ya bi irin wannan jirgi, Devonia, a 1879, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafinsa The Amateur Emigrant. Abin lura shi ne waɗannan mutane na ƙasa su ne ribar kamfani. Talla da hotuna na ɗakunan alfarma na sama ne, amma mutum dubu da ba a kashe wa komai sosai, kowanne ya biya kimanin dala 30, su ke riƙe da cinikin.

Haɗari ma bai ƙare ba. A 1854 jirgin Inman mai suna City of Glasgow ya tashi daga Liverpool da mutum kusan 480, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A 1858 wani jirgin Hamburg mai suna Austria ya kama da wuta yayin da ake turara ɗakin fasinjoji da kwalta don kashe cuta, mutum fiye da 400 suka halaka. A 1873 kuma Atlantic na kamfanin White Star ya bugi dutse a gaɓar Nova Scotia, fiye da 500 suka mutu.

Da cinikin ya bunƙasa, kamfanoni suka baza wakilai har ƙauyuka, jiragen ƙasa kuma suka haɗa ƙauyukan da tashoshin Liverpool da Bremen da Hamburg da Antwerp da Naples. Wanda ya riga ya je yakan sayi tikiti a Amurka ya aiko wa ƙaninsa ko matarsa, shi kuma in ya samu aiki ya aiko wa na baya, har ƙauye guda ya tare a unguwa guda a Chicago ko Boston. A 1882 mutum kusan 789,000 suka shiga Amurka, kimanin 250,000 daga cikinsu Jamusawa. Daga nan asalin masu zuwa ya fara sauyawa. Mutanen Ireland da Jamus da Sweden da Norway suka fara raguwa a lissafi, Italiyawa da 'yan Poland da mutanen daular Ostiriya da Hangari suka yawaita, tare da Yahudawan Rasha da ke gudun hare-haren da suka ɓarke a 1881. A kudu, jihar São Paulo ta Brazil ta riƙa biya wa Italiyawa kuɗin jirgi don su yi aiki a gonakin kofi, musamman da aka haramta bauta a 1888 aka rasa ƙwadagon bayin da asalinsu daga Afirka aka kwaso su.

Jirgin tururi ya kuma sa komawa gida ta yiwu. Wanda ya sha wuyar mako shida a jirgin iska ba ya marmarin maimaitawa, amma kwana goma abu ne da za a iya jurewa. Samarin Italiya da yawa suka mai da tafiyar cin rani: su je girbin alkama a Ajantina lokacin da ake sanyi a Turai, ko aikin gini da shimfiɗa layin dogo a Amurka, su dawo da kuɗin sayen gona.

A ɓangaren masu karɓa, jihar New York ta buɗe Castle Garden a 1855 don rajistar baƙi da kare su daga 'yan damfara, kuma kimanin mutum miliyan takwas suka bi ta nan kafin a rufe shi a 1890. Gwamnatin tarayya ta karɓi aikin, ta yi doka a 1891 da ta wajabta wa kamfanin jirgi mayar da duk wanda aka ƙi karɓa da kuɗin kamfanin. Wannan ya sa kamfanoni suka fara duba lafiyar fasinja tun a Turai, musamman bayan annobar kwalara ta Hamburg a 1892. A ranar 1 ga Janairun 1892 aka buɗe tashar tsibirin Ellis. A nan ake kai fasinjojin ƙasan jirgi likitoci su duba su, jami'ai su yi musu tambayoyi, su kuwa masu tikitin sama a cikin jirgi ake sallamar su. Kafin a rufe tashar a 1954, mutum kimanin miliyan 12 sun bi ta cikinta, kuma waɗanda aka mayar ba su wuce biyu cikin ɗari ba.