Ɗauko Wasiƙa Daga Akwatin Nesa: Yadda Manhaja Ke Karɓo Imel

Wasiƙar imel ba ta tafiya kai tsaye daga hannun mai aikawa zuwa wayar wanda aka aika wa. Takan yada zango a wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, wadda masu ilmin fannin suke kira saba, ta zauna a can har lokacin da mai ita ya aiko a ɗauko masa. Manhaja ce ke yin wannan aike, watau shirin da ke cikin waya ko kwamfuta, kuma a cikinsa ne ake yanke wani hukunci wanda yawancin ɗalibai da ma'aikata ba su san an yanke ba: ko wasiƙa za ta ci gaba da zama a akwatinta bayan an karanta ta, ko kuwa za a kwashe ta a bar akwatin wayam. Takardar kiran aiki, da sakamakon jarrabawa, da umarnin da ya fito daga ma'aikata, duk suna iya salwanta ko su tsira saboda wannan hukunci.

Dattawan Sarandosa da na sauran garuruwan yankin Jega, Aliero da Maiyama ba baƙin wannan tsari ba ne, ko da kuwa ba su taɓa riƙa kwamfuta ba. A zamanin da gidan waya ke tashe, wasiƙa ba ta bin mutumin karkara har ƙofar gida. Akan ari adireshin makaranta ko na wani ofishi mai akwati a gidan waya, wasiƙu su taru a ciki, sa'an nan masinja ya hau keke da makulli a aljihu ya je ya kwaso. Waɗanda suka tsara hanyar farko ta ɗauko imel wannan hoto ne a zukatansu, har ma suka raɗa mata suna da shi: POP, taƙaitawar kalmomin Turanci masu ma'anar Ƙa'idar Gidan Waya.

Dalilin da ya kawo buƙatar

A shekarar 1971 ne wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan kwamfutar da akwatinsa yake. A wancan lokaci babu maganar ɗauko wasiƙa, gama kwamfutoci manya ne, na jami'o'i da cibiyoyin bincike, mutane da yawa suna tarayya a kan guda ɗaya, kuma akwatin kowa yana cikin kwamfutar da yake aiki da ita. A 1982 Jon Postel ya fitar da ƙa'idar SMTP, wadda har yau da ita ake tura wasiƙa daga saba zuwa saba. Amma ita wannan ƙa'ida turawa kawai ta sani, kuma tana bukatar ta sami mai karɓa a farke. Da ƙananan kwamfutoci suka bazu a kan teburan ofisoshi, waɗanda ake kashewa da an tashi daga aiki, sai ya zama tilas wasiƙa ta sami wurin jira, ƙaramar kwamfuta kuma ta sami hanyar zuwa ta tambaya. Joyce Reynolds ce ta rubuta ƙa'idar POP ta farko a 1984. Siga ta uku, watau POP3, ta fito a 1988, aka kuma daidaita ta a 1996 zuwa yadda take a yanzu.

Zancen da ke gudana tsakanin manhaja da saba

Abin sha'awa game da POP3 shi ne gajartar zancenta. Manhaja takan ƙwanƙwasa wata ƙofa ta saba mai lamba 110, ko 995 idan an lulluɓe zancen da sirri. Saba ta amsa sallama da kalmar +OK. Daga nan manhaja ta ce USER ta faɗi sunan mai akwati, ta ce PASS ta ba da kalmar sirri. Idan an yi daidai, saba ta buɗe akwatin. Idan an yi kuskure, ta ce -ERR. Amsoshin nan biyu su ne tushen duk abin da saba ke faɗa. Sa'an nan manhaja ta ce STAT, a gaya mata yawan wasiƙu da jimlar nauyinsu. Ta ce LIST, a jero mata su da lamba. Ta ce RETR 1, a karanto mata wasiƙa ta farko daga kai har ƙarshe, a rufe da layi mai ɗigo ɗaya tak domin ta san an gama. In tana so a share wasiƙar daga akwati, sai ta ce DELE 1. Idan ta kammala, ta ce QUIT, wadda ita ce ban kwana.

A nan ne ya kamata a tsaya a lura, domin akwai hikima a ɓoye. Umarnin DELE ba ya share kome nan take. Shaida kawai saba take sa wa wasiƙar, kamar yadda dillalin albasa a Aliero yakan sa wa buhu alama ya bar shi a wurinsa har a gama ciniki. Sai an yi ban kwana da QUIT ne saba take kwashe duk masu shaida ta zubar. Idan layi ya yanke kafin ban kwana, ƙa'ida ta hana a share ko guda.

Alal misali, a ɗauki ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ya je hutu gida Sarandosa, akwatinsa na ɗauke da wasiƙu 40. Manhajarsa ta ɗauko 30, sai sabis ya ɗauke. Da yake ba a yi ban kwana ba, duka 40 suna nan a saba. Gobe idan ya sake haɗawa, manhajar da ba ta da wayo za ta faro daga ta ɗaya, ya ga wasiƙu 30 sun zo masa sau biyu. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin lalacewar waya, alhali kuwa da gangan aka tsara shi haka, saboda masu tsarin sun ga maimaita wasiƙa ya fi rasa ta sauƙi, kuma sun yi gaskiya. Maganin maimaitawar shi ne umarnin UIDL, wanda ke sa saba ta faɗi wata lamba ta musamman ga kowace wasiƙa, lambar da ba ta canzawa daga zama zuwa zama. Manhaja mai kyau takan rubuta lambobin da ta riga ta karɓa, ta tsallake su a gaba. Duk ɗalibin da zai rubuta manhajar ɗauko wasiƙa, lalle ne ya kiyaye wannan jeri: ya karɓi wasiƙa, ya tabbatar ta zauna daram a ma'ajiyar na'urarsa, sa'an nan ya ba da umarnin sharewa. Wanda ya gaggauta ya juya jerin, wata rana wutar lantarki za ta ɗauke masa a tsakiya.

Aibin POP3 yana ga asalin tunaninta: mutum ɗaya, kwamfuta ɗaya, akwati a kwashe. A ofishin da aka saita kwamfutar sakatare ta ɗauko ta share, duk wasiƙun ofis na shekaru suna cikin wannan na'ura guda. Shugaban sashe ya duba daga wayarsa ya tarar da akwati babu kome. Ranar da kwamfutar ta ƙone ko aka sace ta, tarihin ofishin ya tafi tare da ita, ba kuwa wanda zai iya nuna cewa an taɓa aiko da wata takarda. Gaskiya ne yawancin manhajoji suna da wurin da ake zaɓar a bar kwafi a saba, amma ko an bar shi, POP3 ba ta da hanyar sanar da na'ura ta biyu cewa an karanta wasiƙa kaza ko an ba ta amsa, kuma ba ta san da akwatin wasiƙun da aka aika ba.

Hanya ta biyu

Mark Crispin ne ya ƙirƙiro IMAP a Jami'ar Stanford a 1986, bisa wani tunani dabam. A wannan tsari akwatin da ke saba shi ne na ainihi, manhaja kuwa leƙowa take yi. Kamar a ce masinja ya daina kwaso wasiƙu, ya koma yin kwafinsu a gidan waya yana barin na asali a fayil. Sigar da ta fi bazuwa an daidaita ta a 2003, aka kuma sabunta ta a 2021. Ƙofofinta 143 ne da 993.

Saba a nan tana riƙe da aljihuna da yawa, na masu shigowa, na waɗanda aka aika, na waɗanda ba a gama rubutawa ba, da duk wanda mai akwati ya ga dama ya ƙirƙira. Kowace wasiƙa tana ɗauke da tutoci masu nuna ko an karanta ta, ko an amsa, ko an sa mata shaidar sharewa. Da yake tutocin a saba suke, abin da aka yi a waya shi za a tarar a kwamfutar ofis. Daɗin daɗawa, manhaja tana iya cewa a ba ta kanun wasiƙu kaɗai, watau sunan mai aikawa da rana da batu, ko ta nemi rubutun wasiƙa ta bar hoton da aka maƙala mata sai an buƙata. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Tun 1997 kuma aka ƙara mata umarnin IDLE, wanda ke ba manhaja damar barin layi a buɗe saba ta sanar da ita da zarar sabuwar wasiƙa ta iso, maimakon ta riƙa zarya tana tambaya.

To, amma ita ma tana da nata tarko. Tunda akwati ɗaya ne kowa ke kallo, wanda ya share wasiƙa a wayarsa domin ya sami fili ya share ta ke nan a ko'ina. Ma'aikata da dama suna zaton abin da ke kwamfutarsu ajiya ce mai zaman kanta, alhali inuwar abin da ke saba ce, kuma inuwa takan bi mai ita. Har ila yau, a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wasiƙar da manhaja ba ta riga ta sauko da jikinta ba, kanunta kawai za a gani. Wanda zai bar Jega ko Birnin Kebbi ya shiga ƙauye, kuma yana buƙatar wata takarda, gara ya buɗe ta tun yana inda sabis ke da ƙarfi.

Abin da ke cikin ambulan

Abin da manhaja ta ɗauko ba ya zuwa a shirye domin karatu. An gina imel ne a kan haruffa da alamomi 128 na tsarin ASCII, waɗanda babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu, balle hoto ko murya. Tsarin MIME na 1992 ne ya kawo dabarar mayar da kowane irin abu zuwa haruffan da layi zai ɗauka, tare da rubuta wa manhaja bayanin yadda za ta warware su. Idan aka ga wasiƙar Hausa ta iso da wasu alamomi marasa kan gado a gurbin haruffa masu lanƙwasa, galibi manhaja ce ta warware da tsarin da ba shi ne aka ɗaure da shi ba. Wannan ɗauri yana da tsada: kowane ma'auni uku yakan koma huɗu, saboda haka takarda mai nauyin megabait 3 takan ci kusan 4 a hanya.

Makulli

A tsarin farko, kalmar sirri a fili take tafiya ta ƙofa 110 da 143, duk wanda ke tsakiyar layi yana iya karanta ta kamar rubutun bayan katin gaisuwa. A 2018 hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet, IETF, ta fitar da shawarar cewa a daina wannan, a riƙa bi ta ƙofofin da aka lulluɓe da tsarin TLS, watau 995 da 993. Manyan kamfanoni sun ƙara gaba. A 2022 Google ya hana manhajoji shiga akwatunan Gmail na jama'a da kalmar sirri zalla, Microsoft ma ya fara rufe wannan hanya ga ofisoshin da ke hulɗa da shi daga Oktoba na wannan shekara. A madadin haka mai akwati yakan shiga shafin kamfanin da kansa, a ba manhaja wata takardar izini wadda ake iya sokewa ba tare da an canza kalmar sirri ba. Tsohuwar manhajar da ta yi shekaru tana aiki ta wayi gari tana cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, sau da yawa wannan ne dalili.

Wajibi ne a ambata cewa mai karanta wasiƙa a shafin intanet, ko a manhajar Gmail da ke zuwa cikin wayoyin Android yana duba akwatin Gmail, ba ta POP3 ko IMAP yake bi ba; kamfanonin suna da nasu hanyoyi. Sai dai halinsu na IMAP ne, domin wasiƙa a saba take zaune.

Zaman wasiƙa a saba kuwa yana da sharaɗi, tunda akwatin aro ne. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, waɗanda wasiƙu da hotuna da sauran ajiya suke rabawa, kuma idan suka cika sababbin wasiƙu sukan koma wa masu aikowa. A 2023 kamfanin ya sanar cewa yana iya rufe akwatin da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Akwatin da makaranta ko ma'aikata ta bayar shi ma yana iya rufuwa bayan an kammala karatu ko an bar aiki. Saboda haka ofishin da ke son tarihinsa ya tsira yakan haɗa hanyoyin biyu: ma'aikata su yi aikin yau da kullum ta IMAP a kan akwati mai sunan ofis, ba na wani mutum ba, sa'an nan a keɓe kwamfuta guda wadda lokaci lokaci za ta sauko da kwafin kome zuwa wata ma'ajiya dabam, an kuma saita ta kada ta share kome daga saba. Idan an zo miƙa aiki ga sabon jami'i, sai a miƙa masa wannan ma'ajiya da izinin shiga akwatin tare da fayiloli da makullan kabad.