Mai Gemu Ma Yana Koyon Iyo

Da zarar damina ta kankama, tabkuna suka cika daga Azarori zuwa Madawa, koramun Buza da Keita suka fara kawo ruwa, sai maganar nan da na gaji da ji ta dawo bakin mutane. Wai wanda ya yi gemu bai iya iyo ba, to ya haƙura, ƙashinsa ya riga ya yi nauyi. In kuwa ya nace, magani ɗaya ne: a kai shi inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa a hankaɗa shi, wuya za ta koya masa. Samari na yi wa junansu haka a bakin tabki suna shewa. Wanda ya fito da ƙyar, ido jajir, yana aman ruwa, a ce ai ga shi ya fara iyawa. Wanda bai fito ba, a ce mutanen ruwa ne suka ja shi.

Haba jama'a! Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ce ta fi ko'ina asara. Abin ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Mu kuma nan muna ƙara wa ruwa mutane da hannunmu, da sunan koyarwa.

Batun shekaru tukuna. A wasannin Olamfik na Sidni, shekarar 2000, mutum uku suka jeru don ninkayar mita 100: Karim Bare ɗan Nijar, da wani ɗan Tajikistan, da Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini. Biyun farko suka yi azarɓaɓin faɗawa kafin a ba da izini, aka cire su, Moussambani ya rage shi kaɗai a ruwa. Shekararsa 22, watanni kaɗan kafin nan ya fara koyon iyo, kuma bai taɓa shiga kwamin wanka mai tsawon mita 50 ba. Ya iso bakin gaɓa da jan ciki cikin minti 1 da daƙiƙa 52, lokacin da gwanaye ke gamawa a daƙiƙa 48. Duniya ta yi dariya, ta yi tafi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da ya ci gaba da horo ya sauko ƙasa da minti ɗaya, a 2012 kuma shi aka naɗa kocin ƙasarsa. To ina nauyin ƙashin ya tafi?

Abin da ke nutsar da babba tsoro ne. Huhun da ke cike da iska shi ke riƙe mutum a saman ruwa, kamar goran da masuntan Argungu ke kifa ciki a kai. Wanda ya firgita kuwa yakan ɗaga kai don neman iska, kai na ɗagawa ƙafafu su nutse, ya shiga dukan ruwa da hannu, numfashi ya ƙare, ruwa ya shiga hanci. Ƙarfi ba ya ceton mutum a nan. Hasali ma ƙaƙƙarfan manomi wanda jikinsa duk tsoka ce ya fi mai teɓa saurin yin ƙasa, domin tsoka ta fi kitse nauyi a ruwa. Wanda aka hankaɗa, ko ya tsira, abin da ya koya shi ne firgici, kuma mai koyarwa zai sha wahala kafin ya cire masa shi.

Shi ya sa duk koci da ya san aikinsa, in babba ya zo hannunsa, ba ya fara masa da iyo. Tambaya yake fara yi: kana da hawan jini? Ciwon zuciya, asma, farfaɗiya? Kafaɗa na maka ciwo? Mai irin wannan sai ya ga likita tukuna. Daga nan a shiga ruwa iya ƙugu, a tsaya. Darasin farko shi ne sa fuska cikin ruwa ana fitar da iska ta hanci, kumfa na ɓulɓulowa, a ɗago a shaƙa ta baki, a sake. Za ka ga magidanci mai 'ya'ya ya riƙe hannun malaminsa ƙam, jijiyar wuya a miƙe, ya kasa kai haɓa ga ruwa. Ba abin dariya ba ne, kuma ba a gaggauta shi. Sai numfashi ya zauna ake koyon kwanciya rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ido na kallon sama, hannu a shimfiɗe. A ganina wannan kwanciyar ta fi duk wani salon ninkaya daraja, don ita ce hutun wanda ya gaji a tsakiyar ruwa.

Wanda ya wuce nan, ana tsara masa zama na minti 30 zuwa 45, sau biyu ko uku a mako. Minti biyar zuwa goma na farko na ɗumama jiki ne a hankali. Sai gyaran salo, abu ɗaya tak a rana: yau bugun ƙafa, an riƙe abin da ke yawo a saman ruwa, gobe juyar da kai gefe don shaƙar iska. Sannan babban aikin ranar, wanda ake yankawa gunduwa-gunduwa. Koci ba zai ce ka yi mita 100 a jere ba, zai ce mita 25 sau huɗu, da hutun daƙiƙa 30 tsakani. Dalili kuwa, da gajiya ta zo salo ke lalacewa, kuma abin da jiki ya maimaita shi yake riƙewa, ko da kuskure ne. Mako na tafiya ana ƙara yawan zuwa ko a rage hutu, ba a taɓa su biyun lokaci guda. A ƙarshe a yi 'yan mintoci ana tafiya sannu har bugun zuciya ya kwanta. Babba ya fi yaro saurin gane bayani, amma kafaɗarsa da idon sawunsa sun fi tauri, jikinsa kuma ya fi jinkirin warwarewa, don haka ranar hutu tana cikin tsarin.

Wani zai ce, Malam, wannan ai zancen masu otal ne a Yamai. A'a. Abin da ake buƙata wuri ne da aka san ƙasansa, marar laka mai riƙe ƙafa, ruwa iya ƙirji. A kafa sanda biyu, taku talatin tsakaninsu, ga tsawon da za a riƙa zuwa. Jarkar lita 5 da aka ɗaure murfinta da kyau ta isa abin riƙewa. Mutum ɗaya da ya iya ruwa ya tsaya a gaɓa da doguwar sanda da igiya, ba ya hira, ba ya duba waya, domin mai nutsewa ba ya ihu, shiru yake tafiya. A cire riga mai nauyi. Mata su sami lokacinsu da mai koya musu mace, tunda su ke wanki da ɗiban ruwa a bakin tabkin. Kada a shiga bayan magariba, kada a shiga an sha ƙwaya, kada a yi alkafura cikin ruwan da ba a ga ƙasansa ba. Korama mai gudu kuwa, a kwarin Tarka ne ko na Magiya, ba wurin koyo ba ce, gwani ma jira yake ta janye. Ruwan kwance na ɗauke da tsargiya, wanda ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti.

In wani ya faɗa, kada wanda bai koyi ceto ba ya bi shi, don mai nutsewa maƙale mutum yake yi su tafi tare. A kwanta a gaɓa a miƙa sanda, ko rawani, ko a jefa jarka ɗaure da igiya. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar ɗaga shi ƙafa sama kai ƙasa, a bar matsa ciki wai ruwa ya fito. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya ruga neman mota. Ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi likita ya duba huhunsa a ranar.