Yini guda da fataken sama a tabkin Madarunfa

Duk wanda ya taɓa fatauci ya san darajar zango, domin kuwa in babu wurin da ayari zai sauka ya sha ruwa ya huta, to, tafiya ba ta kai ƙarshe. Wannan tunani ne ya zo mani wata safiya a ƙarshen watan Oktoba, lokacin kaka, ana ta ɗaurin dammunan hatsi a gonaki, da na bar Maraɗi bayan sallar asuba na nufi tabkin Madarunfa, wanda yake kimanin kilomita 25 kudu da birni. Ba kifi ya kai ni ba, kuma ba ziyarar kushewun waliyyai 99 da aka san wurin da su ba. Kallon tsuntsaye na tafi, da madubin hangen nesa na aro da ɗan littafin rubutu.

Masu tafiya da masu zuwa

Kafin rana ta fito na samu gindin wani icce a bakin ruwa na zauna shiru, saboda tsuntsu ba ya son hayaniya. Kirinjijiya ce ta fara yi mani maraba, garke guda suna wucewa bisa kaina suna wannan fito nasu da ko yaro ya sani. Can cikin ciyawa zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran ciniki, sai ya ga kifi ya miƙa wuya. Balbelu kuwa sun riga sun bi shanun da aka kawo shayarwa, zakaran ƙeƙuwa yana ta tona asirin duk wanda ya matso kusa. Waɗannan ƴan gida ne, rani da damina suna nan tare da mu.

Shamuwa ce ban gani ba, kuma ban yi mamaki ba. Ita takan zo mana gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa bisa itatuwan gari, ta ƙyanƙyashe, tana cin fara da tsutsa a gonaki. Da kaka ta yi, sai ta ɗaure kayanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda ake shiga damina a lokacin da mu muke fita.

To amma daidai lokacin da shamuwa ke tafiya, wasu baƙi ke sauka. Da hantsi ya yi na hango wasu ƙananan agwagin ruwa masu ruwan ƙasa a tsakiyar tabki, waɗanda ake kira sarcelle d'été da Faransanci. Su a Turai da Rasha suke haihuwa, in sanyi ya matso sai su ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, wadda faɗinta kaɗai ya wuce kilomita 1500, su zo su yi watanni a tabkunan Sahel, kafin su koma wajen watan Maris. A bakin taɓo akwai wasu masu dogayen ƙafafu suna tsintar tsutsa, sannan tsakanin ƙafafun shanu ga wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki yana kaɗa wutsiya, wanda nauyinsa bai kai garam 20 ba, amma shi ma wannan hanyar ya biyo. Ba fasfo, ba duwan, ba kuɗin mota. Abin da kawai suke buƙata shi ne su tarar da ruwa a inda suka bar shi bara.

Ruwa ɗaya muke sha

A nan ne maganar ta shafi kasuwa. Da azahar masunta suka fito da karfasa da tarwaɗa, mata suna jira a bakin ganga da robobi da kwanoni, wasu su soya a nan, wasu su kai birni. Nan gaba kaɗan, in ruwa ya fara ja da baya, za a kafa garake a bakinsa, a fidda tumatir da salati da shu da albasa. Wato ruwan da ke ciyar da zalɓe shi ne ke cika faifan mai talla. Ranar da tsuntsu ya daina sauka a tabki, alama ce kifi ya yi ƙasa, kuma aljihun mai sayar da shi zai ji a jikinsa.

Tabkin yana samun ruwansa daga Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi, waɗanda ke gangarowa daga Najeriya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jahar Katsina, ruwan Gulbin Maraɗi ba ya zuwa kamar da. Sai kuma rairayi da laka da ke cike tabkin sannu a hankali, saboda an sare itatuwan da ke riƙe ƙasa. Ga kuma leda, wadda na gani da idona tana yawo bisa ruwa, alhali tun shekara ta 2014 aka kafa dokar hana shigowa da irin wannan leda da sayar da ita a Nijar.

Ƙasashen duniya sun san darajar irin wannan wuri. A 1971 aka sa hannu kan yarjejeniyar kare fadamu da tabkuna a garin Ramsar na ƙasar Iran, Nijar ta shiga cikinta a 1987. An sa tabkunan Tabalak da Ɗan Dutsi na jahar Tawa cikin jerin a 2005, sannan a 2019 aka ƙara da Madarunfa, mai sama da hekta 500, tare da Gidimuni ta jahar Damagaram. Sai dai takarda ba ta tsaron ruwa, mutanen da ke ci daga gare shi ne ke tsaronsa.

Abin da ya rage gare mu

Har rana ta faɗi ina sa ido ko zan ga gauraka, ban gan ta ba. Tsuntsuwar da ta yi suna da kyau da rawa yanzu tana cikin jerin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, kuma cikin dalilai har da kamawa da sayarwa domin ajiya a gidajen masu hali. In babu mai saye, mai tarko zai huta.

Don haka, ƴan kasuwa da iyayenmu mata, akwai abin da ke hannunku. Kada a sayi kifin da bai ƙosa ba, domin shi ne jarin baɗi. A rage leda, a koma ga kwando. Kada a ɗauki mataccen tsuntsu a kai gida ko kasuwa. Masu kiwon kaji ba su manta asarar murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya a 2006 ba. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kai wa ma'aikatan gandun daji, domin lambar da ke jiki ce ke nuna ƙasar da ya fito.

Da magariba kirinjijiya suka sake tashi, ni ma na kama hanyar gida. Baƙonka, in ji Bahaushe, ruwa ake fara ba shi. Allah ya bar mana tabkinmu.