Funfuna a Mazubin 'Ya'yan Tarantula: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A Amurka da Turai mutane da dama na kiwon tarantula, babban gizo-gizon nan mai gashi wanda nau'o'insa suka haura 1,000. Yawanci ana farawa ne da ɗan ƙarami da bai kai farcen yatsa ba, a cikin ƙaramin mazubin roba. Ba a jimawa sai farar funfuna ta ɓullo a kan ƙasar da aka shimfiɗa masa, hankalin mai kiwo ya tashi. Shawarwarin da ke biyo baya kuwa ba duka ne abin ɗauka ba.

"Ko wace funfuna kisa take yi." Ba haka ba ne. Ɗan farin tabo a jikin itace ko a kan ƙasa abu ne da aka saba gani, musamman a sabon mazubi. A kwashe wurin da cokali, shi ke nan. Sai in ta mamaye raminsa ne ake sauya masa mazubi da sabuwar ƙasa.

"A busar da ƙasar ƙayau." Wannan ita ce shawara mafi haɗari. Fatar ɗan tarantula ba ta gama ƙwari ba, ruwan jikinsa na saurin ƙafewa, kuma yana buƙatar ruwan nan lokacin saɓa. Bushewa ta fi funfuna saurin halaka shi. A riƙa jiƙa kusurwa guda, ruwan ya gangara ƙasa, saman ya sha iska.

"Rashin iska ne ke kawo ta." Gaskiya ne. A huda ƙananan ramuka da allura a gefuna biyu na mazubin, iska ta shiga ta fita. 'Ya'yan tarantulan da ake kira Avicularia, mazauna bishiyoyin Kudancin Amurka, sun shahara da mutuwa a mazubi mai laima da babu iska.

"Ragowar abinci na jawo ta." Wannan ma gaskiya ne. Tarantula narkar da abincinsa yake yi ya tsotse, ya bar ɗan dunƙulen saura a gefe. A kan dunƙulen nan funfuna ke fara tsirowa. A cire shi da hantsaki, a kuma fitar da gyaren da bai ci ba cikin awa 24.

"A fesa magani a huta." Kul! Huhun ɗan tarantula guda huɗu a ƙarƙashin cikinsa suke, dab da ƙasa, kuma maganin ƙwari ko sinadarin wanke-wanke na iya kashe shi.

"Gasa ƙasa a tanda na hana ta." Na ɗan lokaci ne kawai, domin irin funfuna a iska yake yawo. Ƙwararrun masu kiwo sun fi dogara da ƙananan ƙwari masu tsalle da ake kira sifirintel, waɗanda funfunar ce abincinsu.

Saboda haka mai kiwo, in ka ga farin tabo kada ka firgita. Ka ƙara ramukan iska, ka kwashe ragowar abinci, ka bar masa laimarsa daidai gwargwado.