Likitar da Ta Tsare Ƙofa a Ikko

Ya ku malamai da fatake, ga labarin Likita Ameyo Adadevoh ta Ikko. Cikin watan Yuli 2014 wani baƙo daga Laberiya ya kwanta asibitinsu da cutar Ebola. Ya matsa a sallame shi, ita kuwa ta ƙi, don kada ya cuɗanya da jama'a. Wajen jiyyarsa cutar ta kama ta, ta rasu ran 19 ga Agusta. Duk Nijeriya mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu. Da ta bar shi ya fita, da watakila annobar ta biyo fatake har Kano. Hukuncin da malamai ke karantarwa ke nan, cewa ba a fita daga inda annoba ta sauka. Allah ya kiyashe mu, amin.