Gargaɗi Ga Masu Bindigar Iska

Akwai wata irin bindigar iska wadda ake ɗura wa iska cikin wani ɗan tulun ƙarfe da ke jikinta. Matsin iskar yakan ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau 100. A ƙasashen Turai daga tulun masu nutso cikin teku ake ɗura ta, sannu a hankali, ana duban ma'auni. To, Bauchi nesa take da teku, irin wannan tulu da wuyar samu. Famfon hannu wanda aka ƙera musamman domin wannan aiki shi ne abin dogara.

Kada kowa ya kuskura ya ɗura iskar oksijin ta masu walda. Idan ta gamu da maiƙo cikin matsi, nan take wuta za ta tashi, tulun ya fashe a hannun mai shi.

Bindiga mai aiki da iskar kabon kuwa dabam take, matsinta ƙaruwa yake yi da zafi. Kada a bar ta cikin mota a rufe da bazara.

A tuna, Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindigar iska sai da lasin daga 'yan sanda.