Sinadaran gwanda da abarba: inda suke magani, inda suke cuta

Duk wanda ya taɓa yankar ɗanyar gwanda ya ga farin ruwan nan mai kama da madara da ke tsatsowa daga ɓawonta. A cikinsa akwai wani sinadari da masana ke kira fafayin, wanda aikinsa shi ne narkar da furotin, ginshiƙin tsoka. Shi ya sa nama mai tauri ke yin laushi idan aka naɗe shi da ganyen gwanda kafin a dafa. Abarba ma tana da nata, biromelin. Raɗaɗin da mutum ke ji a harshe idan ya sha ta da yawa aikinsa ne, fatar bakin yake ɗan ci.

Wannan cin naman ne likitoci suka mayar magani. Daga karan abarba ake tace wani magani mai suna NexoBrid, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2012, Amurka kuma a 2022. Ana shafa shi a kan mummunar ƙuna, a bar shi awa huɗu, ya narkar da matacciyar fata ya ƙyale mai rai, aikin da a da sai an sa wuƙar tiyata. Amma a asibiti ake yi, bayan an ba majiyyaci maganin kashe zafi mai ƙarfi. Ba a ce kowa ya matse abarba a kan gyambo ba.

Gwanda kuwa labarinta bai yi daɗi haka ba. A 1982 Amurka ta yarda a riƙa yi wa masu ciwon baya allurar wani sinadarinta, kaimofafayin, don ya narkar da guringuntsin da ya zame yana danne jijiya. Wasu sun samu sauƙi, wasu jikinsu ya ƙi shi har aka rasa rayuka, daga baya aka daina sayar da shi. A 2008 kuma hukumar magunguna ta ƙasar ta hana mayukan fafayin da ba su da rajista. Mai ciki ta sha nunanniyar gwanda, ba laifi, amma ta guji ɗanya: gwaji a kan ɓeraye ya nuna farin ruwan yana sa mahaifa murɗawa.

Sai sawasof, ɗan'uwan gwandar daji, da ake ta yayatawa a WhatsApp wai yana maganin ciwon daji. Gaskiya ne sinadaransa sun kashe ƙwayoyin cutar a ɗakin gwaji, amma ba a tabbatar da haka a jikin ɗan Adam ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa da masu talla ba sa faɗa. A tsibirin Gwadaluf, likitoci sun lura tun 1999 cewa wani irin ciwon karkarwa mai wuyar magani ya fi yawa a cikin masu yawan shan 'ya'yansa da shayin ganyensa, kuma ana zargin sinadarinsa anonasin da lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.